Hannun Dama na Mai Agogo

"Ba wannan hannun ba, 'yata," in ji Goggo da ƙarfi, yadda masu nauyin ji ke magana.

Nas ɗin da aka kira gida ta tsaya da allurar ƙarin ruwa. "Mama, jijiyar hagu ta ɓuya. In ba nan ba, ina zan saka?"

"To bakinsa za ki ɗaure."

Mijin Goggo, maƙwabcinmu Mai Agogo, kurma ne tun haihuwa. Shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hagu, da hannun dama kaɗai yake magana. Gadonsa na jikin taga, inda haske ya fi yawa.

Ni na ara masa littattafan manga, wato labaran zane na Japan. Wanda yake dubawa yanzu mai kashi-kashi ne, soyayyar wani kurma da wata yarinya mai na'urar ji a kunne. Idon Goggo ba ya ganin ƙananan zane, amma hannun mijinta tana karanta shi sarai. Kullum shi ke dubawa ya ba ta labari. Saura kashin ƙarshe.

Ya motsa yatsu. Goggo ta fassara: "Wai ruwan ya jira, shi ba shuka ba ne."

"Baba ba shi da ƙarfin jira fa," in ji nas. Duk da haka ta rataye ledar ruwan a ƙusa, ta ce za ta zagayo.

Na riƙe masa littafin, yana dubawa ina juya shafi. Da muka gama ya ture shi, ya fuskanci matarsa.

Na ɗan iya maganar hannu, kuma na san ƙarshen labarin: a tashar jirgi masoyan suka rabu. Shi kuwa cewa ya yi sun yi aure. Suka kama ɗaki a bayan wani shago. Yarinyar ta tsufa da mita, in ta yi fushi sai ta juya masa baya don kada ta ga ban haƙurinsa.

"Ji tsohon banza!" Goggo ta ɗan doki kafaɗarsa. "Ita ma ai da dalilinta. Sai aka yi yaya?"

Ya ce mijin ya koyi zagayowa ta gabanta. Ya fara wata alamar, yatsun suka tsaya, ya sake ɗagawa ya ƙarasa. Wannan ban gane ta ba. Goggo ta gane, ba ta fassara ba.

"Malama, haka yake a littafin?" ta tambaye ni, idonta na kansa.

Na buɗe baki.

"A'a, bar shi," ta ce.

Kafin nas ta dawo ya cika. Maza suka taru a tsakar gida suna magana ƙasa-ƙasa. Goggo ta ja zane ta rufe shi har wuya, ta bar hannun daman a waje. Sannan ta matso da kujerarta, ta zauna tana fuskantarsa.