Kason Baba na Hayaƙi

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana ɗura wa tukunyar tashar lantarki kwal, ni kuma autarsa sai na tashi na zama mai ƙirga hayaƙi. Aikina ke nan a ofishin ƙididdiga: in tattara iskar kabon da ƙasa ta fitar a shekara, in raba ta da yawan mutanen ƙasar, in ga tan nawa ya faɗo a kan kowa, har jariri na goye. Yayyena suna kirana 'yar sandan Baba. Ina taya su dariya, amma maganar tana sukata, don bawan Allahn nan ba shi da abin alfaharin da ya wuce tashar nan. Da aka ba ni aikin zana layin da zai nuna hawa da saukar kason kowa a shekara sittin da suka wuce, abin da na fi tsoro shi ne lissafina ya nuna shi da yatsa.

Sai ga layi ya fito kwance lumui a shekarunsa, bai ɗan ɗaga ba sai a namu. Daɗi ya rufe ni, ban ko tsaya tambaya ba. Shugabar sashenmu ta sa hannu, aka ce ran Litinin za a kai maɗaba'a. Ran Asabar da hantsi na naɗe takardar na nufi gida, har da tsayawa sayen lemo a hanya.

Na tarar da Baba a kujerarsa ta ƙarƙashin fanka, wadda ba mai zama sai shi, Mama kuma tana guga a kan teburin cin abinci. Na ture kwandon kaya na shimfiɗa takardar, ina wani hura hanci.

"Ga shi, Baba. Ashe ku ba ku ɓata komai ba. Mu ne da motocinmu."

Ya ɗora yatsa a farkon layin ya bi shi a hankali, kamar mai neman inda bututu yake yoyo.

"Auta, ina shekarar da aka haife ki?"

Na nuna masa.

"Nan? A ƙasa haka?" Ya girgiza kai. "A shekarar nan tukunya shida muke hurawa, ba hutu. Tarago arba'in na kwal kullum. Kuma tasha irin tamu ta kai goma a ƙasar nan. Tambayi uwarki."

Mama ba ta ko ɗago ba. "Farar riga dai ba a shanya ta a waje. In ka shanya, ka ja wa kanka sabon wanki."

Raina ya ɗan sosu. Wata uku ina fama da alƙaluma har idona ya faɗa, sai a zo a ƙaryata ni da igiyar shanya? Na ce, "Baba, ai ba da ido ake auna wannan ba. Rabawa ake yi."

"Na ji. Da mutum nawa kika raba?"

"Da yawan mutanen ƙasa mana."

"Na yaushe? Lokacin nan gida bakwai ne a unguwar nan. Daga shagon mai walda har bakin titi duk fili ne, a nan yayyenki suke buga ƙwallo. Mu kaɗan ne, hayaƙin kuma mai yawa. Yaya za a yi kason kowa ya zo ɗan mitsitsi?"

Na jawo kwamfuta daga jaka don in rufe masa baki. Na buɗe jadawalin, na danna shekara ta farko, na danna ta biyu, na danna ta ashirin. Sai na ga kuskuren. Ranar da na rubuta lissafin a layin farko, na kulle gurbin yawan jama'a a kan adadin bana, na ja shi ƙasa har shekara sittin. Wato na ɗauki hayaƙin su Baba na raba shi har da jikokin da ba a haifa ba. Ni da ake kawo wa aikin wasu in duba!

Gyaran bai ci minti biyu ba. Layin ya miƙe ya yi wani ƙaton tudu, ƙololuwarsa daidai kan shekarun Baba, sannan ya gangaro zuwa yau. Na ja murfin kwamfutar na rufe rabi. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini cewa mutum huɗu sun duba takardar nan a ofis, ba wanda ya gani.

"Juyo da shi nan," in ji Baba.

Na juya masa. Na ce, "Baba, wallahi ban so haka ba. Duk wanda ya buɗe rahoton nan zai ce ku ne kuka fi kowa ɓata iska."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya gyara zama.

"To ai mu ne. Da wutarmu aka kunna fitilar ɗakin da aka haife ki, wannan gaskiya ne. Hayaƙin ma gaskiya ne, ga shi a ƙirjina har yau. Kira shugabarki."

Na kira, na faɗa mata. Ta ce gara yau da bayan an buga kwafi dubu, in zo Litinin da wuri, in zo da bayani. Ta tambayi wanda ya gano.

"Wani tsohon ma'aikacin tasha ne," na ce.

"Babban mai kula da tukunya ta uku," in ji Baba daga kujerarsa, da ƙarfi yadda za ta ji. Ta kuwa ji, har ta ce in gaishe shi.

Mama ta zare gugar ta yanka mana lemon, tana cewa kuɗin makarantar da aka kashe mini da an sani da tsohon aka tura. Muka sha, muka yi dariya, ni dai tawa ta kunya ce. Baba bai saki kwamfutar ba. Ya sauko da yatsa daga kan tudun, ya tsaya inda layin ya fara gangara sosai.

"Nan wace shekara ce?"

Na faɗa masa.

Ya dubi Mama, ta dube shi. "Shekarar da aka rufe tashar ke nan," ya ce. "Aka tara mu a bakin ƙofa, aka miƙa wa kowa takardarsa ta sallama."

Na san shekarar, ina aji uku a sakandare, amma ban taɓa haɗa ta da wani layi ba.

"Daga nan zuwa yau, nawa kowa ya rage?"

"Tan huɗu, Baba. Har da ɗoriya."

"Kowane mutum? Har 'ya'yan yayanki?"

"Har su."

Ya jingina, ya ɗora hannuwa a kan ciki. Fuskarsa ta saki yadda na daɗe ban gani ba.

"Shekara ashirin da biyu ina cewa a banza aka zubar da mu," ya ce. "Ba wanda ya taɓa nuna mini abin da aka samu. Hawan nawa ne, Auta, saukar ma da ni aka yi ta. Ki buga shi yadda yake."