Daga Abuja Zuwa Landan, Ta Kan Daura

Inna Adawiyya ta ajiye ƙwaryar gero a kan bencin Sha'aban mai gyaran waya, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"An ce wayarka na nuna jirage a sama. Nemo min na Fadila."

Duk unguwar an san zancen. 'Yarta Fadila ta samu aikin jinya a Landan. Shekaranjiya ta durƙusa neman yafiya, kamar yadda kowane matafiyi ke yi, Inna ta juya mata baya ta ci gaba da tankaɗe. A ganinta, in ta hana yafiyar, yarinyar za ta fasa. Ba ta fasa ba. Tun asuba Inna ke kiranta, wayar a kashe.

Sha'aban ya nuna mata wani ɗan jirgi kamar ƙwayar shinkafa yana rarrafe a kan taswira.

"Ga shi, Inna. Abuja zuwa Landan kusan kilomita dubu biyar. Awa shida da wani abu."

"Yi min da Hausa."

"Kamar ki je Kano daga nan sau talatin da biyar, har da ɗoriya."

Ita da zuwa Kano sau ɗaya ke kwantar da ita kwana biyu! Sai ta ga Fadila zaune a kan gajimare, da takalman makarantarta na firamare, tana wuce tashar Kano tana sake wucewa, babu mai tsayar da ita ta sha ruwa. Tsoro ya kama ta sosai: mutum ya yi wannan nisa da fushin uwa a bayansa.

"Ta ina zai bi?"

"Arewa zai yi. Ba zai yi nisa da mu ba."

Ta bar geron nan, ta nufi filin bayan gari inda gini ba ya tare sama. Sha'aban ya rufe shago ya bi ta. Suka tsaya cikin rana, awaki na kallonsu. Can sai ga wani farin zare yana jan kansa a sama, shiru, ba ko ƙara.

Inna ta ɗaga hannu biyu.

"Fadila! Na yafe miki duniya da lahira. Allah Ya kai ki lafiya, 'yar nan."

Sha'aban ya duba wayar, ya sosa ƙeya. Bai iya ƙarya ba, shi ya sa shagonsa bai taɓa girma ba.

"Inna, wannan na Legas ne. Nata ya wuce tun muna hanya, yana cikin Nijar."

Ba ta sauke idonta ba.

"Shi wannan ina za shi?"

"Landan shi ma."

"To, ai hanyarsu ɗaya," in ji ta, tana share ido da bakin mayafi. "Ya riƙe mata saƙon."