Kalmar Ƙarshe a Marsiyyar Malam Nasidi

Malam Nasidi ya rasu a shekarar 1956, bayan ya shekara talatin yana koyar da karatu a unguwar Kilomita Biyar da ke birnin Bangi. Matarsa Iyatu ta aika wa Abdulgani tela cewa tana son marsiyya da za a rera ranar sadakar arba'in. Shi aka sani da waƙa a unguwar, amma duk waƙoƙinsa na biki ne da suna. Wannan ce ta farko da malamai za su zauna su saurara.

Ya zaɓi ƙafiyar "li", wato kowane baiti ya ƙare da ita, kuma ba a maimaita kalma. Ya jera kalmomin da ajami a bayan takardar awon riguna: asali, hankali, dalili, misali, kamili, adali. Ya rubuta jahili, ya soke. Cikin kwana tara ya haɗa baiti goma sha biyu. Na ƙarshen ya fi so: "Allah ka shaida, Nasidi wali."

Ranar Laraba, saura kwana biyu, matarsa Hureira ta kawo masa abinci shago. Ya tsayar da keken ɗinki ya rera mata. Ita a Bangi aka haife ta, yaren Sango ya fi zama a bakinta. Ta saurara har ƙarshe, sai ta rufe baki da mayafi.

"Mene ne?" in ji shi.

"Maigida, ka ce Malam mace ne."

"Waliyyi na ce. Wali."

"A Katsina ke nan. A nan in ka ce wali, mace ka ce. Kai ma haka kake faɗa wa masu kawo ɗinki."

Gaskiya ne. Shekararsa bakwai yana faɗin kalmar da Sango, bai taɓa jin ta haka a cikin waƙa ba. Rabin waɗanda za su zo sadakar, Sango suke yi a gida. Mutum ɗaya ya yi dariya a gaban Iyatu, ya isa.

Ya duba takardar. Duk kalmomin kirki ya riga ya yi amfani da su.

"Cokali fa?" in ji Hureira.

"Ɗauki kwanonki ki tafi."

Bayan ta fita ya ga mafita guda. Zai ɗauko adali daga baiti na biyar ya rufe waƙar da ita. Sai dai na biyar zai zauna babu ƙafiya, kuma baitin yana magana ne kan ƙuruciyar Malam, wadda bai san kome a kanta ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya je gidan marigayin, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe da Iyatu.

"Inna, kafin Malam ya fara koyarwa, me yake yi?"

"Koli ya sayar," in ji ta. "Allura, zare, madubi. A ka yake ɗauka har bakin kogi. Ko da ya zama malam, bai yarda ya zauna jiran abin hannun mutane ba. Me ka ce a kansa a waƙar?"

"Da na ce waliyyi ne."

"Cire. Da yana raye da ya ji kunya."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan. Abdulgani ya miƙe da takardarsa. A baiti na biyar ya rera, "Ya ci halak da sayar da koli." Wasu dattawa biyu da suka san zamanin suka gyaɗa kai. Ya rufe da "Allah ka shaida cewa shi adali." Aka shafa fatiha. Babu wanda ya yi dariya. Limamin unguwa ya karɓi takardar ya ce zai kwafa.

Washegari Hureira ta ajiye masa kwano a kan teburin yanka.

"Ka dai san koli da Sango?"

"Na sani. Namiji."

"To, ka ga ka mayar da Malam namiji."

Ya ɗora ƙafa a kan keken, ya ci gaba da rigar da ya bari tun Laraba.