Robar da Sajo Ya Manna da Ƙaro

Ƙahon bijimi ne ya karce gefen a-kori-kurar Alhaji Ɗantsoho a kasuwar Maigatari, tun daga ƙofa har baya. Sajo direba ya san halin maigidansa, kan abin da bai kai wannan ba ya kori direban da ya gabace shi. Ga shi fari ya cinye geron bara, gidan Sajo kaf da sitiyarin nan suke ci.

A Gumel ya samo doguwar robar ado, irin wadda ake mannawa a gefen mota. Gam ɗinta ya bushe, ta ƙi kamawa. Sai ya jiƙa ƙaro ya shafa, ya yi ta dannawa har ta rufe tabon. Alhaji ya gani ya ce, "Kai, Sajo, ka iya kwalliya!"

Washegari gari ya fita roƙon ruwa, Sajo ya kai Alhaji filin. Ana cikin addu'a hadari ya taso daga gabas, ƙaro kuwa ba ya shiri da ruwa. Jama'a na amin har da kuka. Sajo ma hannunsa na sama, shukarsa na ƙonewa a gona, amma amin ta ƙi fita daga bakinsa. Ɗigon farko ya sauka a kan robar.