Ɗakunan Sanyi Sun Cika

Mai gyaran firiji yana da hanyarsa ta gane mai hali: ya buɗe firijin gida ya leƙa. In ya tarar da shi maƙil, to gidan akwai maiƙo. In gorar ruwa ce kawai da rabin albasa, sai ya rage kuɗin aiki tun ba a roƙe shi ba. Shekara da shekaru wannan awo bai taɓa ba shi kunya ba.

Da wannan idon ya shiga kamfanin da ke yin cuku da madarar awaki, irin wanda manyan otal-otal ke saye. Shi ke kula da ɗakin sanyinsu. Aka kira shi ya haɗa na biyu, bai gama ɗaure bututu ba aka fara jera kwalaye. Na uku kuwa kaya har rufi, sai mutum ya karkace kafin ya wuce.

Ranar da ya ji kamfanin na sayar da hannun jari, bai shawarci kowa ba. Wa zai tambaya? Sauran masu saye takarda suke karantawa, shi kuwa ganau ne. Ya sayar da motar aikinsa, wadda ke ɗaukar masa tsani da tukunyar gas, ya zuba kuɗin kaf.

Matarsa, mai sayar da lemo da ruwan sanyi a ƙofar gida, ta ga ya dawo a ƙasa.

"Maigida, ina motar?"

"Baɗi war haka biyu zan saya. Ke dai ba ki ga kayan da mutanen nan suka tara ba."

"Tarawa suke yi?" in ji ta. Ta yi kamar za ta ƙara magana, sai ta ce Allah ya sa alheri.

Ya koma hawan motar haya da jakar kayan aiki a cinya. Manyan ayyuka suka fara wuce shi, don ba direban da zai yarda a cusa masa tsani cikin fasinja. Abin na cin ransa, amma da ya tuna kwalayen nan sai ya ji sanyi.

Ana nan, mai kula da siton kamfanin ya kira shi.

"Malam, a kashe ɗakin sanyi na biyu da na uku. Kuɗin wuta ya fi ƙarfinmu."

"Kayan fa?"

"Sun lalace, zubarwa za a yi. Tun bara otal-otal suka daina karɓa. Muna yi muna ajiyewa, ko za a dace. Ai kai shaida ne, kai ka yi ta haɗa mana wurin ajiya."

Mai gyaran ya ɗauko kayan aikinsa. Ya kashe injin, ya zuƙe gas, ya naɗe wayoyi tsaf, don shi ba ya aikin ha'inci ko ransa a ɓace yake. Ransa kuwa a ɓace yake.

Da yamma ya tarar da matarsa tana goge firijinta. Wayam, ko kwalba ɗaya babu. Kullum haka yake ganinsa in ya dawo, kullum kuma tausayinta yake ji a ransa.

"Ya kasuwa?" ya ce.

"Alhamdulillahi, tun la'asar kaya suka ƙare." Ta matse tsumman. "Da motar nan tana nan, da gobe na ninka sari."

Ya tsaya da jakar a kafaɗa yana kallon cikin firijin, har ta ce ya matsa za ta rufe.