Tsakanin Bas da Kwata

Wata uku Sharhabil yana bibiyar Baba Datti, direban bas ɗin wata makaranta a Unguwar Rimi, kan ya sa baki a ba shi tuƙin bas ta biyu. Ya gaji da tuƙin Keke mai ƙafa uku. Da ƙyar dattijon ya yarda zai kai shi gaban shugabar makarantar ranar Litinin.

Ranar Alhamis da safe Sharhabil ya ɗauko wata 'yar kasuwa da buhun attaruhu za ta Babbar Kasuwa, tana ta azalzalarsa.

"Kai ɗan nan, tuƙi kake ko rakiyar amarya?"

A bakin wani layi suka tarar da bas ɗin 'yan makaranta a tsaye, fitilunta biyu na ƙyaftawa, motoci sun jeru a baya. Sharhabil ya hango 'yar tazara tsakanin bas da kwata, irin wadda ɗan Keke ba ya gani ya ƙyale. Ta nan ƙofar bas ɗin take, ya kuma sani. Ko sunan da ke jikin motar bai duba ba, ya kutsa.

Sai ga yarinya ta fito daga get ɗin wani gida a guje za ta hau bas. Ya danne birki iya ƙarfinsa. Ta faɗi zaune, taya ta murƙushe kular abincinta, taliya ta watse a titi.

"Ni dai ban ce ka bi ta nan ba," in ji mai attaruhu.

Direban ya sauko. Baba Datti ne. Ya ɗaga yarinyar, ya kakkaɓe mata hijabi.

"Sadiya, kin ji ciwo?"

Ta girgiza kai tana kallon abincinta. Ya sa ta a mota, sannan ya juyo.

"Sharhabil, in ka ga wutar nan biyu, me na ce ka yi?"

"In tsaya, Baba."

"Har yaushe?"

"Har a rufe ƙofa, mota ta tashi."

"Ashe ka sani. Da rashin sani ne, da sai in koya maka." Ya kama murfin motarsa. "Ranar Litinin kada ka wahalar da kanka."

Da zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi. Sharhabil ya durƙusa yana tsince fasassun robar kular, yara sun leƙo ta taga suna kallonsa. Mahaifiyar Sadiya tana tsaye a bakin get. Ya miƙa mata murfin kular da hannu biyu, ya kasa ɗaga ido.