Tayoyin Zuwa Wuro Bappayo

Nata'ala ya gangaro da tayar ta cikin zaure, ya ratsa tsakar gida da ita, ya tura ta har bakin gadon maƙwabcinsa. Kaltume, matar gidan, ta janye tabarma da sauri kada ta ɓaci.

"Ga ta nan, Bappa. Ka taɓa, amma don Allah kada ka tsaya yi mata wa'azi."

Hamajoɗa ya zuro hannu daga cikin bargo. Hannun ya rame, cikin kuwa ya kumbura har riga ba ta rufe shi. Ya cusa yatsa tsakanin haƙoran tayar, yatsan ya nutse.

"Wannan na laka ne, Kaɗo." Haka yake kiransa, wato Bahaushe a bakin Fulani.

"To ba laka za mu shiga ba?"

"Kafin laka akwai gargada. Wannan haƙori a kan gargada, ciki na zai fashe tun ba mu hango dutse ba. Gawa za ka kai wa Dada?"

Hamajoɗa tsohon direban ma'aikatar dabbobi ne. Ya yi rayuwarsa yana kai masu allurar shanu ruga-ruga, da ya ajiye aiki ya sayi Landirobar da yake tuƙawa a gwanjo. A daminar shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, likita ya sallamo shi ya ce a kai shi gida ya huta. Duk unguwar Adarawo an san ma'anar wannan hutu. Abu ɗaya ya nema: ya ga mahaifiyarsa Dada, wadda ke zaune a Wuro Bappayo, can gindin duwatsun Vere. Tayoyin motar kuwa sun suɗe kamar tafin hannu.

Nata'ala mai sayar da yadi ne, bai san komai a kan mota ba. Amma katanga ɗaya ta raba su, shi ya sa ya rufe rumfarsa ya shiga zirga-zirga tsakanin Yola da Jimeta. Ya kawo ta kwalta, aka ce santsi za ta yi. Ya kawo ta laka, ga abin da ya ji.

"Akwai na tsakiya," in ji Hamajoɗa. "Haƙorin shi matsakaici, gefen shi da kauri. Yana cin kwalta, yana cin yashi, yana cin laka in an rage iska. Ka ce wa Zadok shi nake so."

Zadok shi ne mai sayar da taya a bayan tashar Jimeta. Da Nata'ala ya koma, ya tarar da shi yana faci, ya faɗa masa saƙo. Zadok ya yi tsaki.

"Malam, wannan taya biyu ya rage mini. Sauran suna cikin babban mota daga Jos, motan yana Numan yana jiran fito. Ruwa ya cika."

"Yaushe za ta ƙetaro?"

"Ka tambayi Binuwai. Amma ka ji, a sa biyun a gaba, na laka a baya. Zai je."

Nata'ala ya hau kekensa ya koma Yola yana gumi, ya kawo wannan shawara kamar wanda ya tsinci zinariya. Hamajoɗa ya yunƙura zai tashi zaune, sai da Kaltume ta riƙe shi.

"A gauraya? A motan da ƙafa huɗu ke ja? Wancan ya fi wannan tsayi, gaba na gudu, baya na gudu dabam, giya ya kakkarye. Tun zamanin Turawa ban taɓa gauraya taya ba."

"Bappa, giya ake ji ko kai?"

"Kai yadi ka sani. Ana ɗinka riga rabi shadda rabi akoko?"

"In tsirara ta zo, ana yi!"

Hamajoɗa ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Wannan wauta ce, ko da daga bakin mara lafiya ta fito. Mutum yana ƙirga numfashi yana tausayin ƙarfe. Nata'ala ya san haka, ya kuma faɗa.

"To bari in je in ɗauko Dada. Ita lafiyarta ƙalau, gargada ba za ta kashe ta ba."

Fuskar Hamajoɗa ta canza. "Ɗa ba ya aika a kira masa uwa. Ni zan je. Kar ka sake faɗi."

Kwanaki suka yi ta wucewa. Nata'ala ya kasa zama. In ya buɗe rumfa sai ya auna yadi ya manta kamu nawa ya yi. In ya ji ƙugin babbar mota sai ya fito bakin titi. Kullum hadari na haɗuwa ta kudu, kullum Zadok na girgiza kai tun daga nesa. Hamajoɗa ya daina shan kunu, sai ruwa a cokali.

Wata ranar Talata bayan la'asar, Kaltume ta tare shi a zaure. Ba ta saba yi masa doguwar magana ba. Ta miƙo masa makullin mota a naɗe cikin gefen mayafi.

"Baban Sabuwa, yau ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Ku je ku ɗauko Dada. In ya yi fushi, da ni zai yi."

Da aka idar da asuba, Zadok ya zo da tayoyin laka huɗu ya ɗaura. Suka tura motar har ƙarshen layi kafin su tayar, don kada mai ita ya ji. Zadok ne ya tuƙa. A kan gargada haƙoran Nata'ala suka riƙa haɗuwa, ya yarda a ransa cewa a nan dai tsohon bai yi ƙarya ba. Da suka sauka fadama, baƙar laka ta kai rabin ƙofa. Motar ta yi gurnani, ta karkace, ta watsa taɓo sama, ta fita.

Sun sami tsohuwar tana tuƙa igiyar ɗaure maruƙa. 'Yar ƙarama ce, ta ranƙwafa, amma idonta garau. Nata'ala ya durƙusa ya gaishe ta da Fulatanci, ya ce Hamajoɗa ba shi da lafiya. Ba ta ɗago ba. Shi ne ɗan farinta, Bafulatana kuwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane.

"Wancan ɗin ne ya aiko ku?"

"A'a, Dada. Mu muka zo."

Sai a lokacin hannunta ya tsaya. Ta ajiye igiyar, ta shiga bukka, ta fito da ƙwarya rufe da faifai. Duk hanya ƙwaryar tana kan cinyarta, ta danne faifan da hannu biyu kada nono ya zube.

Da suka shigo Adarawo, Nata'ala ya hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, da mutane suna wanke ƙafa. Wani yana jingine makara a bangon masallaci. An riga an dawo daga maƙabarta.

Kaltume ta fito zaure, idonta jawur. "Da hantsi ne," ta ce a hankali. "Ya ji ku. Ya ce, Kaɗo ya sa na laka, ƙaran shi ba ya ɓuya. Can ya ce, amma zai kai."

Nata'ala ya juya wajen tsohuwar. Ba ta buƙaci a gaya mata ba. Mata suka fito za su shigar da ita, ta ɗaga musu hannu. Ta kewaya bayan motar, inda ba mai ganin fuskarta, ta zauna a ƙasa cikin inuwarta. Ta ajiye ƙwaryar a gabanta, ta gyara zaman faifan. Ƙuda ya sauka a kai, ta kore shi.